Hanta da bazara a likitancin Sin da Indiya

Duk shekara idan sanyi ya fara janyewa a ƙasashen arewacin duniya, sai tallan maganin wanke hanta ya cika intanet: shayi, gari, ƙwayoyi, kowanne da hoton koren ganye da iƙirarin cewa hikimar Gabas ce ta dubban shekaru. Abin yana ci mini rai, domin na zauna a birnin Nanjing na ƙasar Sin lokacin da nake karatu, na ga yadda Sinawa ke tarbar wannan yanayi, kuma bai yi kama da abin da ake sayarwa ba.

A lissafinsu na gargajiya shekara ta kasu zango 24. Bazararsu, wato lokacin da ƙanƙara ke narkewa itatuwa suna tohowa, tana kamawa daga zangon Lichun, wajen 4 ga Fabrairu. Likitocinsu na dā sun haɗa kowane yanayi da wata gaɓa, sai bazara ta faɗa kan hanta, tare da itace, koren launi, tsami, idanu, jijiyoyi da fushi. Hantar da suke nufi ta wuce tsokar da ke ƙarƙashin haƙarƙari. A ganinsu ita ke adana jini, ita ke sa ƙarfin jiki da suke kira qi ya gudana ba cikas, idan kuwa ya cushe sai a ga ƙunci, saurin hasala da jan ido.

To me suka ce a yi? Littafin Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara 2,000, ya ce a watanni ukun nan mutum ya ɗan jinkirta kwanciya, ya tashi da sassafe, ya zagaya tsakar gida da faɗin taku, ya saki gashinsa, ya saki jikinsa. Ya ƙara da cewa lokaci ne na bayarwa da sakayya, a bar ƙwace da hukunci. Wannan wurin ne ya fi kama mini zuciya, yadda suka sa halin mutum da mu'amalarsa cikin lafiyar jikinsa. Ba a ambaci yunwa ba, ba a ambaci wankin ciki ba. Sun Simiao, babban likitan zamanin daular Tang, cewa ma ya yi a rage tsami a bazara, a ƙara abinci mai ɗan zaƙi don a kare saifa. Mai cewa a yini kan ruwan lemun tsami da sunan al'adar Sin, ban san inda ya samo ba.

Dattijuwar da na yi haya a gidanta ba ta taɓa cewa tana wanke komai ba. Da gari ya waye tana wurin shaƙatawa ana taichi, motsa jikin Sinawa da ake yi sannu a hankali. Ta dawo da ganyen jicai, wani ganyen daji da ake ci, ta yi cushen fulawa da shi, ta jiƙa furen juhua da jajayen 'ya'yan goji a ruwan zafi idan idonta ya gaji. Wajen bikin Qingming na ziyarar kaburburan magabata, 4 ko 5 ga Afrilu, a ci qingtuan, korayen dunƙulen shinkafa mai danƙo. Abinci ne kawai, na lokacinsa, daidai ciki.

Indiya ce ke da wankin jiki na gaske. A Ayurveda, likitancin gargajiyar Indiya, ana ganin majina da nauyin jiki, wato kapha, suna taruwa a hunturu su narke a bazara, shi ya sa ake yin vamana, sa amai da gangan, bayan kwanaki ana shirya mutum da mai, a gaban likita. Hanta kuwa da pitta, wato zafin jiki da matsarmama, suka haɗa ta, kuma wankin cikin da ya shafi pitta a kaka ake yinsa. Masu talla sun ɗauko hanta daga Sin, wanki daga Indiya, suka cakuɗa a kwalba ɗaya.

Ita hanta, mai nauyin kusan kilo 1.5 a jikin baligi, dare da rana take sarrafa magani da barasa da sauran gubobi, ta fitar da wasu ta ruwan matsarmama, wasu ƙoda ta kwashe ta fitsari. Ba ta tara datti da za a ɗauraye. Duk abin da aka haɗiya kuma ta hannunta yake bi, nan ne haɗarin yake. Saiwar he shou wu ta maganin gargajiyar Sin sananniya ce wajen jikkata hanta. Haka ƙwayoyin da aka tace daga koren shayi, da na kurkum masu ƙarfi. A Indiya, lokacin korona, likitoci sun ga mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan giloy, wani tsiron maganin Ayurveda. Wanda hantarsa ta riga ta raunana shi ya fi shiga uku.

Da yawa kuma ba su san ta raunana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022, akasarinsu ba a taɓa gwada su ba, don cutar kan shekara da shekaru shiru. Ƙasar Sin kanta, duk da ganyayyakinta, allurar rigakafi ta sa a jadawalin jarirai tun 1992, kuma ita ce ta karya yaɗuwar cutar a tsakanin yara. Ni idan bazara ta zo nakan ƙara tafiyar safe, in yawaita ganye, in kama bakina idan raina ya ɓaci. Amma wanda ya tambaye ni wane shayi zai sha, tambayar da nake fara yi masa ita ce ko ya taɓa gwajin jinin hanta.