Tiya Biyu

Sana'ata awo. Tun ina ɗan shekara 14 nake zama gindin buhu tare da kawuna a kasuwar ƙauyenmu, nan kudancin Kano, wajejen Tudun Wada. Gero, dawa, masara, wake, waken suya, duk abin da mata suka ɗauko a ka daga ƙauyuka, mu ne muke aunawa mu saya, mu tara, in kaya sun yi yawa mota ta kwasa zuwa Dawanau. Tiya 40 buhu guda, wannan ko yaro ya sani. Abin da na ɓoye shekara da shekaru shi ne tiyata guda biyu ce.

Ɗaya ta saye ce. An bubbuge gindinta ya lotsa waje, cikinta ya ƙara zurfi kaɗan, yadda ido ba zai kama ba. Ɗayar ta sayarwa ce, ita kuma an tura gindinta ciki. Kalarsu ɗaya, tsufansu ɗaya. Bayan wannan akwai aikin hannu: in kana saye sai ka kewaye bakin kwano da tafin hannu da damtse, tozo ya hau ya zauna, ka juye da sauri kana jan mai kaya da hira. Kawu bai taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda ake cuta ba. Gani na yi, hannuna ya koya, har ya zama yana yi ba tare da ya shawarce ni ba.

Ni kuwa Kirista ne ɗan Kirista. Kakana Bamaguje ne, da tsafinsa ya mutu. Mahaifina ne ya karɓi bishara a shekarun 1970 ta bakin wani mai bishara da ikkilisiyar ECWA ta turo, ya zauna a cikinmu yana noma kamar kowa. A gidanmu akwai tsohon Littafi Mai Tsarki fassarar 1932, wadda Likita Miller na Zariya ya yi wa aiki, da shi Baba ya koyi karatu yana bin baƙi da yatsa, daga baya aka samu sabuwar fassara ta 1979. An yi mini baftisma a watan Disamba na 2001, a rafin da ke bayan gari, lokacin ruwa bai gama janyewa ba. Na shiga ƙungiyar Sabon Rai, ni ne mai ganga. Mun zaga ƙauyuka da ƙafa muna waƙa muna shelar sabon rai don kowa. Ran kasuwa kuma in koma gindin buhuna da tiya biyu.

Kada wani ya ɗauka abin bai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai. Duk daren shiga sabuwar shekara da muke kwana a majami'a sai na yi wa Allah alkawari. Wani lokaci in yi kasuwa biyu ko uku da kwano ɗaya, sai kuɗin taki ya taso, ko kuɗin makarantar yara, ko in dubi na kusa da ni in ga buhunsa ya riga nawa cika. Sai tsoro ya kama ni, in ce bari in fita daga wannan matsin tukuna. Duk ranar da aka karanta Romawa sura 7, inda Bulus yake kukan cewa nagartar da yake so ba ita yake yi ba, mugun abin da ba ya so shi yake aikatawa, sai in ji daɗi a raina, in ce ai manzo ma haka ya sha. A nan nake rufe littafin. Ban taɓa kula cewa wannan surar tana tsakanin ta 6 da ta 8 ba.

Sai 2023, lokacin canjin kuɗi. Wanda yake ƙauye ya san abin da aka sha a watannin Fabrairu da Maris na shekarar: ga kaya a hannu, ba takardar naira. Wanda yake riƙe da tsabar kuɗi shi ne sarki a kasuwa, ni kuma ina da ɗan abin da na samu. Ana cikin azumin Musulmi, saura kwana kaɗan Ista, wata tsohuwa ta sauke ƙullin gero a gabana, ta ce jikanta ne ba lafiya, magani za ta saya. Na auna, biyar da ɗan kaɗan. Ta ce, "Ɗana, shida fa na auna a gida." Na ce, "Iya, kwanonku na gida ƙarami ne." Ta dube ni, ta dubi geron, ta miƙa hannu ta karɓi kuɗin. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Akwai wani malami da rumfarsa take jikin tawa, yana sayar da gishiri da kanwa, mun fi shekara 15 muna maƙwabtaka. Da ta tafi sai na ji yana karanta wata aya a hankali, farkon Suratul Muɗaffifina, wadda take yi wa masu tauye mudu kashedi. Na san ta, don duk ɗan kasuwa a ƙasar Kano ya taɓa jin ta. Ya gama, ya juyo ya ce, "Maƙwabci, ku ma ai littafinku ya hana, ko ba haka ba?" Na ce ya hana, Malam. Na san wuraren ma: Maimaitawar Shari'a sura 25 ta ce kada a samu mudu iri biyu a gidanka, babba da ƙarami, Karin Magana 11 kuma ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Sanin ayar bai taɓa riƙe mini hannu ba. Kunya ta rufe ni ranar, amma na san kunya, kwana uku take yi ta wuce.

Ran Lahadi 9 ga Afrilu muka fito sujadar asuba ta tashin Almasihu. A waje muke yin ta, a filin da ke gabas da majami'a, mata da zannuwan zumunta, yara suna ta hamma, iskar bazara ba ta fara zafi ba tukuna. Na zaci Baba Fasto zai karanta labarin matan da suka je kabari da sassafe, kamar kowace shekara. Sai ya buɗe Romawa sura 6. Ya karanta inda aka ce an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma, domin kamar yadda aka tashe shi daga matattu, mu ma mu yi tafiya cikin sabon rai. Ya tsaya ya tambaye mu, "In bawa ya mutu, ubangidansa zai iya zuwa bakin kabari ya aike shi ɗebo ruwa?" Muka ce a'a. Ya ce, "To me ya sa tsohon ubangidanku yake kira kuna amsawa?"

Daga nan ya sauka aya ta 13, wadda ta ce kada mu miƙa gaɓoɓinmu ga zunubi su zama kayan aikin mugunta, sai dai mu miƙa kanmu ga Allah kamar waɗanda aka raya daga mutuwa. Ya ɗaga hannunsa na dama sama, ya ce, "Gaɓa ke nan. Wannan hannun, na wane ne?" Ba ni yake kallo ba, bai ma san komai a kaina ba. Ni dai na sunkuyar da kai ina duban hannuna a kan ganga.

Abin da ya buɗe mini a safiyar nan shi ne wannan. Duk rayuwata na ajiye tashin Yesu a wurare biyu: can baya a Urushalima, da can gaba a ranar ƙarshe, sa'ad da za a tashe mu. Tsakanin biyun kuwa na ɗauka ni kaɗai ne da ƙoƙarina, in na iya na iya, in na kasa a gafarta mini. Amma Romawa 8:11 ta ce Ruhun wanda ya ta da Yesu daga matattu yana zaune a cikinmu, zai kuma rayar da jikunanmu masu mutuwa. Afisawa sura 1 ta ce ikon da yake aiki a cikin masu ba da gaskiya shi ne dai wanda ya yi aiki a cikin kabarin nan. Shekara 22 ina yi wa Allah alkawarin abin da zan yi masa, ban taɓa tsayawa a kan abin da ya riga ya yi mini ba. Mutumin da yake tsoron yunwa har yake satar tiyar tsohuwa, Littafi ya ce an gicciye shi, an binne shi a rafin bayan gari tun 2001. Ni ne nake tono shi kowace ranar kasuwa.

Mu manoma muna da abin da muke kira binne. Kafin ruwan farko ya sauka, sai mutum ya je ya shuka gero a busasshiyar ƙasa ya rufe, ya dawo gida. In ka bi ta gonar ba za ka ga komai ba sai ƙura. Ran da ruwa ya sauka, kafin masu jiran ruwa su gama shuka, nasa ya tsiro. Haka nake ganin baftismata yanzu. Irin gaske aka binne a ranar, sai dai ya daɗe a ƙasa fiye da yadda kowane gero zai iya jurewa, kuma Mai gonar bai fid da rai ba.

Ran Litinin jama'a suka tafi Galili, wato fitar da muke yi bayan gari washegarin Ista, ana ci ana waƙa. Ni na tsaya a gida. Na ɗauko tiyoyin biyu na ajiye a gaban mai ɗakina, na zuba gero a ɗaya na juye a ɗayar, ya zube a tabarma. Na ce mata da wannan nake ciyar da ku. Ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Na sani, Baban yara. Kafin ka aure ni ai ni ma na sha kai hatsin Inna kasuwa." Ta ce tun shekarar da aka haifi ɗanmu na fari take addu'a a kan abin, ba ta faɗa wa kowa ba, ko a zumuntar mata. Wannan maganar ta fi wa'azin jiya shiga jikina. Na ɗauki ƙusa da guduma na huda gindin kwanonin duka biyu, washegari na sayi sabuwar tiya.

Maganar mayarwa ita ce mai wuya. Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka sura 19, ya ce zai mayar riɓi huɗu ga duk wanda ya cuta. Ni mutum nawa zan nemo, a shekara sama da 25? Waɗansu sun mutu, da yawa ban san ƙauyensu ba. Na kai wa Baba Fasto maganar ina kuka. Ya ce, "Ɗana, fara da waɗanda ka sani, sauran kuma ka bar ƙofa a buɗe." Na fara da tsohuwar nan. Na yi tambaya har na gano ƙauyensu, na ɗaura tiya huɗu na gero a bayan babur. Na durƙusa na ce, "Iya, shida kika auna, gaskiyarki ce. Ni na cuce ki." Ta ce, "Ai na sani, ɗana. Allah na bar wa." Ta karɓa, ta sa mini albarka, ta sa aka kawo mini ruwa. Jikan ya warke, na gan shi yana wasa a tsakar gida. Malam maƙwabcina kuma na nuna masa hudajjun kwanonin, ya riƙe hannuna ya ce Allah ya tabbatar da mu a kan gaskiya.

Ina jin waɗansu masu wa'azi a rediyo da waya suna maganar ikon tashin Almasihu kamar wani abu ne da yake buɗe ƙofar kuɗi. Ni dai ribata raguwa ta yi, kuma sosai. Ga shi a ƙarshen watan Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, komai ya tashi. A 2024 sai da muka sayar da awaki biyu kafin mu biya kuɗin makaranta. Waɗansu abokan sana'a sun daina sakin jiki da ni, don mata sun fara cewa a wurina shida shida take fitowa. Masu kawo mini kaya sun ƙaru, gaskiya ne, amma har yau abin bai kai na da ba.

Kuma tsohon ubangidan bai daina kira ba. A watan Agusta na 2024, tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, tsohon hatsi ya yi tsada sabo bai iso ba, wani yaro ya kawo wake. Ina cikin awo sai na ga damtsena ya kewaye bakin kwano, tozo ya hau. Na riga na juye uku a haka. Da can, da na ce shi ke nan, na sake faɗuwa, bari sai sabuwar shekara. A ranar sai na ce a zuciyata, "Ya Yesu, kana da rai, hannun nan naka ne." Na ce wa yaron, "Samari, dakata, ban auna daidai ba." Na juye waken duka a tabarma muka sake daga farko, yana kallona yana mamaki. Tsoron bai tafi nan take ba, ina jin sa a ciki har na gama, amma bai iya juya hannuna ba. Wannan addu'ar ce nake yi yanzu duk safiyar kasuwa kafin in kwance bakin buhu.

Ɗana na fari ya fara zama tare da ni in an yi hutu. Shekararsa 14, daidai shekarun da na fara. Na san ba abin da zan gaya masa da zai kai abin da zai gani, don haka nake zaunar da shi a dama da ni, inda zai riƙa ganin hannuna. Makon jiya na miƙa masa tiyar ya auna wa wata mata dawa. Ya cika, ya bar tozo ya tsaya da kansa, hannunsa na hagu yana kan gwiwa. Matar ta ce tara ta auna a gida. Ya ƙirga da ƙarfi, ya kai tara, ga ɗan saura a gindin buhu. Ya dube ni, na ce ya tattara mata sauran ta koma da shi.