Godiya Bayan Zamanmu Kan Tarihin Funspot

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna miƙa godiya ga duk wanda ya halarci zaman ranar Asabar kan gidan gem na Funspot da ke Weirs Beach, a gefen tafkin Winnipesaukee, jihar New Hampshire ta Amurka. Allah Ya saka da alheri.

Ga waɗanda intanet ta yanke musu: Bob Lawton ya buɗe wurin a 1952 yana ɗan shekara 21, da rancen dala 750 daga kakarsa. A 1964 ya mayar da wurin inda yake yanzu, ya raɗa masa suna Funspot. Kundin bajinta na Guinness ya ba Funspot kambun gidan gem mafi girma a duniya a 2008, Lawton kuma ya rasu a 2021 yana da shekara 90. A can ne ɗan wasan gem Billy Mitchell ya ci maki 3,333,360 a gem ɗin Pac-Man a 1999, wato iyakar abin da injin zai iya bayarwa, domin lissafinsa rikicewa yake yi a mataki na 256, rabin allon ya cika da tarkacen haruffa.

Godiya ta musamman ga iyayenmu masu gyaran talabijin mai doro, don su suka warware mana yadda injin gem da ya haura shekara 40, mai allo irin na talabijin mai doro, yake ci gaba da aiki. Yawanci ba bod (faifan lantarkin da ke ɗauke da gem ɗin) ne ke fara mutuwa ba, kafasita (ƙaramin abin da ke riƙe wuta) ce ke bushewa saboda zafi, sai hoto ya tsuke ko ya dinga rawa. Gara a canja kafasitocin allon gaba ɗaya. Canja ɗaya-ɗaya ɓata dalma ne kawai. Sai a auna wuta a kan bod ɗin kansa: in ta gaza bolt 5, gem zai riƙa sake tashi da kansa, kuma sau da yawa laifin na bakin mahaɗar wayoyi da bod ne da ya yi baƙi. Injin da ke ajiye maki da batir kuwa, a cire tsohon kafin ya zubo ya cinye layukan tagulla.

Wani baba cikin masu gyaran ya maimaita abu ɗaya har sau uku, mu ma ga shi: kwalbar allon tana riƙe wuta mai yawa ko an zare soket, kada yaro ya kai hannu sai an sauke wutar da ke cikinta.

Wanda ya ɗauki muryar zaman, don Allah ya turo wa sauran. Mun gode.