Zoben daimon a hannun maƙeri

Yau na kai zoben daimon ɗin da na gada daga mahaifiyata wurin maƙerin zinariya, saboda ɗaya daga cikin 'yan ƙugiyoyi huɗun da ke riƙe da dutsen ta sassauta. Tun a hanya nake fargabar kada a musanya mini dutsen da wani mai kama da shi da ake kira moissanite, wanda ido kaɗai ba ya iya rarrabe shi da daimon, har ma yakan yaudari na'urar gwaji mai auna zafi, amma kunya ta hana ni furta hakan. Kafin in ce komai sai dattijon ya miƙo mini madubinsa mai ƙara girman abu sau 10, ya ce, "Hajiya, duba da idonki tukuna." A gefen dutsen na ga lambar da GIA, cibiyar tantance duwatsu masu daraja, ta zana da hasken leza, na kuma ga wani ɗan baƙin ɗigo a can cikinsa. Ya rubuta lambar da nauyin zoben a rasit, ya zana inda ɗigon yake, ya sa na ɗauki hoto, sannan muka sa hannu mu biyu.

Shekaru ina ganin wannan zobe a yatsanta ban taɓa sanin akwai ɗigon ba, sai yau da zan bar shi a hannun wani. Ranar Alhamis idan na koma karɓa, ɗigon zan fara nema.