Bin Salsalar Hausawi: Inda Aikin Ya Kai Bayan Fitowar Gwaji

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu wannan aiki na tonon asali. Sakamakon gwajin DNA da na ce muku mun aika ya fito. Zan fara da shi don na san shi kuke jira, amma ku yi haƙuri ku kai ƙarshe, saboda ci gaban da na samu a 'yan watannin nan daga bakin Goggo ya fito, ba daga kwamfuta ba.

Mu uku muka yi gwajin layin uba a unguwarmu a nan Makka, kowannenmu sunan danginsa Hausawi ne a bitaƙa, wato katin shaida. Tun muna yara ake ce mana 'yan gida ɗaya ne mu, tunda suna ɗaya ne. Ni na fito a reshen E-M2, wanda shi ne ya fi yawa a Afirka ta Yamma. Maƙwabcina ya fito a R-V88. Na ukunmu shi ma E-M2 ne, amma da aka jera alamominsa da nawa sai aka ga tazarar ta yi nisa ƙwarai, kakan da ya haɗa mu ya riga Kano ganuwa. Waɗanda kuma suka fi kusa da ni a rumbun bayanan kamfanin gwajin ba Hausawi ba ne: ɗaya Barnawi ne daga Madina, ɗaya kuma mutumin Gadarif ne a Sudan, wanda can Fallata ake ce masa.

Wanda ya san yadda sunan ya samo asali ba zai yi mamaki ba. Bahaushe a gida ba ya da sunan dangi da ake gadonsa kaka da kakanni. Sunan uba ake liƙa wa mutum, ko garinsu, ko sana'arsa, ko laƙabi. Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk sunayen garuruwa ne. Da kakanninmu suka zauna a Hijaz aka zo rubuta su a takarda, tsarin nan yana son suna huɗu: naka, na uba, na kaka, sannan na dangi ko ƙabila. Gurbin na huɗun ne aka cike da nisba, wato danganta mutum da ƙabilarsa ko ƙasarsa. Mai jin Hausa ya zama Hausawi, wanda ya ce daga Barno yake ya zama Barnawi, Bafulatani ya zama Fallata. Wanda ba a tsaya tantance shi ba kuwa Takaruni ne, sunan da ya samo asali daga tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Sanagal, kuma shi ne har yau muke ji a matsayin Takari. To Bazabarme ko Banufe ko Buzu da ya yi shekaru a ayari yana cinikinsa da Hausa, me kuke jin magatakarda zai rubuta masa? A Sudan ma abin ya fi haka cakuɗewa, don can Bahaushe da Babarbare da Bafulatani duk ana iya tattara su a kira su Fallata.

Shi ya sa sunan ya bazu haka a Makka da Madina da Jidda da Ɗa'if. Ku tuna tawagar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha: Hausawi uku ne a cikin 'yan bayanta, Usama wanda shi ne kyaftin, da Umar, da Mu'utaz. Yawan masu sunan ba ya nuna wani kaka ɗaya mai yawan 'ya'ya. Hanya ɗaya ce mutane da yawa suka biyo, aka tare su a ƙofa ɗaya aka ba su suna ɗaya.

Ga sababbin shiga, ga abin da gwajin yake aunawa. Ƙwayar gado ta Y daga uba take zuwa ɗa namiji, kusan ba ta canzawa sai ɗan sauyi jefi-jefi, kuma da waɗannan sauye-sauyen ake gane rassa. Mace ba ta da ita, sai ta nemi ɗan'uwanta ko baffanta ya yi. Layi ɗaya tak take nunawa. Kakanninka na hawa na huɗu su goma sha shida ne, Y labarin mutum ɗaya a cikinsu take bayarwa. Ƙaramin gwaji mai alamomi 37 ya isa ya nuna maka babban reshe, amma wanda yake son ƙananan rassa sai ya yi babban, irin Big Y-700 na FamilyTreeDNA, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne. Ni dai ban ga dalilin gaggawar yin babban ba tukuna. Rumbun cike yake da Turawa da Larabawan wannan yanki masu reshen J1, namu mutanen kuwa 'yan tsiraru ne, ka biya kuɗi mai yawa ka tarar ba kowa a reshen da za a kwatanta ka da shi.

Maƙwabcina da ya ga harafin R ya fara murna wai shi jinin Turawa ne, wani kuma ya ce masa a'a, hujjar Bayajida ce daga Bagadaza. Duka biyun babu. Gaskiya ne R1b, babban reshen da V88 yake ƙarƙashinsa, ya yi yawa a Yammacin Turai, amma nasu reshen daban ne. V88 kuwa a Afirka ya fi taruwa a kewayen Tafkin Chadi. Binciken da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka fitar a 2010 ya same shi da yawa a tsakanin masu harsunan Chadi, dangin harshen Hausa, har ya haura kashi 90 cikin ɗari a wasu ƙananan ƙabilun arewacin Kamaru. Kafin nan, a 2008, Hisham Hassan da abokansa sun auna maza 445 a Sudan, suka sami R1b a wajen kashi 40 cikin ɗari na Hausawan da ke cikinsu. Sai dai Hausawan nan mutum 32 ne kacal, don haka kada wani ya ɗauki wannan adadi ya yafa wa Hausawan duniya. Shigowar reshen nan Afirka magana ce ta dubban shekaru, zamanin da Sahara take da ciyawa da tafkuna, tun ba a san za a yi Bagadaza ba.

Akwai wata magana da ba na so mu yi sakaci da ita. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zauna a nan Makka a 2002, ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da wannan gwaji don bincikar ingancin nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a ba. Kamar yadda hadisi ya ce, ɗa na mai shimfiɗa ne. Saboda haka a gidanmu ni kaɗai na yi, kuma da wani ɗan baffana ya ce shi ma zai yi "don a tabbatar", na ce masa ya ajiye kuɗinsa. Hijirar kakanni muke bi. Mutum ɗaya a gida ya wadatar, na biyun ba abin da zai ƙara sai abin da zai iya ɓata zumunci.

Yanzu ga inda aka yi aikin gaske. Goggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da kakanmu. A gida an saba cewa yana cikin mutanen Sarkin Musulmi Attahiru, kuma na lura kusan kowane gidan Takari yana son a ce haka. Abin alfahari ne kuwa. Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, Attahiru ya yi gabas da jama'a aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a Sudan, Alfa Hashim kuma ya ƙarasa Madina ya zama babban malami a can. Amma son labari daban, shekaru daban.

Tsofaffinmu ba sa riƙe shekara, abin da ya faru suke riƙewa. Don haka ban tambaye ta yaushe ya zo ba. Na ce, "Goggo, Malam ya taɓa ba ku labarin jirgin ƙasa?" Ta ce ƙwarai, a Ubayyid ta Sudan ya fara ganinsa, ya ƙi shiga sai da malaminsu ya tsawata masa. Layin dogo ya isa Ubayyid ne wajen 1912. Na ce, wane aiki ya yi a Sudan? Ta ce tsinkar auduga a Jazira, shekaru yana tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya tsallako ta Sawakin. Babbar gonar Jazira ta kankama ne bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Na ce, ruwan nan da ya cika Harami har mutane suka yi ɗawafi da iyo fa? Ta yi dariya ta ce ai yana nan, har kayan shagonsa ruwan ya kwashe. Wannan ambaliya ta 1941 ce. Kun ga ke nan ya shigo Makka tsakanin 1925 da 1941, kuma ya bar gida yana saurayi tare da malaminsa na allo. Lokacin Burmi ko dai yana goye ko ba a haife shi ba. Na gaya wa Goggo haka a hankali, ta ce, "To, ai dai ya zo," ta ci gaba da jan carbinta.

Garin fa? Nan ne na daɗe ina lalube, don ita "ƙasar Hausa" kawai take cewa. Sai na bi ta fuska. Ta ce yana da tsage dogaye a kumatu, daga sama zuwa ƙasa, irin na Barebari. Na tambayi da wa yake wasa, ta ce duk Bafulatanin da ya shigo shagonsa sai sun yi ta tsokanar juna, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Wannan wasan Fulani da Barebari ne, Bakano da Bazazzagi yake yin nasa. Ku riƙa yin wannan tambayar, tana buɗe ƙofa fiye da yadda ake zato. Daga ƙarshe ta tuna cewa in kewar gida ta kama shi yakan ce "Allah sarki Lautai", ita kuma duk zamanta ta ɗauka sunan wani abokinsa ne. Lautai kuwa Gumel ce, a jihar Jigawa ta yanzu, masarautar Mangawa da ta kasance ƙarƙashin Barno, ba ta shiga hannun masu jihadi ba, amma Hausa ake yi a cikinta. Mai tsagen Barebari, mai magana da Hausa, wanda aka rubuta Hausawi, jikansa kuma ya dace da Barnawi a gwaji. A littafina na rubuta Gumel da fensir, don shaidar baki ɗaya ce, ina neman ta biyu.

Ku hanzarta da naku tsofaffin. Rusau ɗin Jidda na 2022 ya watsa mutanen Karantina da Gulail da Batrumin, majalisun da ake samun dattijai biyar a tabarma ɗaya sun tashi. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba mutanen Wad Madani da Sinnar da gidajensu, mutumin Gadarif ɗin nan ma sai a yi makonni kafin saƙona ya same shi. Ku naɗi murya da waya bayan kun nemi izini, ku bar su su yi ta zuba ko sun kauce hanya, kada ku sa musu sunan gari a baki, don tsoho yakan amsa da "e" saboda kunya ko gajiya.

Abin da ke gabana yanzu biyu ne. Barnawin Madina ya yi alkawarin tambayar mahaifiyarsa ko ta taɓa jin Gumel ko Maigatari a bakin surukinta. Sannan akwai wani tsohon allo da 'yan takardu a akwatin Goggo, ta ce akwai rubutun ajami a bayan ɗaya daga ciki, amma ba za a buɗe ba sai babban wanmu ya zo daga Ɗa'if. Wanda ya iya karatun ajamin gabas a cikinku, musamman hannun Barno, ya yi mini magana kafin lokacin.