Yadda Na Auna Sandunan Golf na Miura

Kamfanin Miura, wanda Katsuhiro Miura ya kafa a yankin Himeji na ƙasar Japan, bai kai manyan kamfanonin kayan golf irin su Titleist ko Callaway suna ba, amma sandunansa na ƙarfe sun cancanci a auna su da natsuwa. Ƙira ake yi musu daga ƙarfe mai laushi, ba zubi ba, sannan a haɗa wuyan da kan sandar daga baya, a goge da hannu.

Abin da na fara dubawa shi ne karkatar fuskar sanda mai lamba 7 (fuska ita ce gefen kan sanda da ke bugun ƙwallo), domin manyan kamfanoni kan rage ta zuwa wajen digiri 30 don ƙwallo ta yi nisa, alhali sandunan Miura masu siraran kawuna suna nan kusa da digiri 34 na asali. Saboda haka kwatanta nisa kaɗai zalunci ne a gare su. A hannuna, bugun da ya sami tsakiyar fuska yana fita da taushi, wanda ya kauce kuwa nan take tafin hannu ke shaidawa, kuma wannan gaskiyar ce ta fi burge ni.

Tsadarsu ba wasa ba ce, kuma ban ba sabon ɗan wasa shawarar sayen masu siraran kawunan ba.