Kyauta ba ta biyan bashi: darussa daga ayyukan tallafin kamfanoni a Katsina

Duk mai yawon ƙauyukan Katsina, daga Jibiya zuwa Funtuwa, ya taɓa cin karo da tanki a kan ƙarafa, da allo mai tambarin wani banki ko kamfani, da kawunan famfo a jere, amma babu ɗigon ruwa. Yara na ratsawa ta gefensa da jarkoki zuwa tsohuwar rijiya. Idan aka bi diddigi, sau da yawa ba ƙishirwar mutanen garin ce ta kawo aikin ba. An haƙa rijiyar ne don a kwantar da wani ƙorafi na daban: diyyar gona da ta maƙale, ƙurar manyan motoci, ko leburorin da aka sallama ba a biya su ba. Aikin da aka yi don toshe baki, da zarar bakin ya yi shiru ba mai sake waiwayarsa.

Shi ya sa abu na farko da mai aikin hulɗar kamfani da jama'a ke koya shi ne raba hakki da kyauta. Hakki yana wuyan kamfani ko ya so ko ya ƙi. Kyauta ganin dama ce. A Najeriya babu doka ta bai ɗaya da ta tilasta wa kowane babban kamfani ware wani kaso na ribarsa don jama'a, irin wadda Indiya ta yi a 2013, inda ta yanka kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribar shekara uku. Namu dokokin ɓangare-ɓangare ne. Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa masu haƙar mai zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummar da suke aiki a ƙasarsu. Wadda ta fi kusa da mu, saboda farar ƙasar Ƙanƙara da wuraren fasa dutse, ita ce dokar ma'adinai ta 2007. Ta ce mai lasisin haƙa ko fasa dutse sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma a sake duba ta duk shekara 5. Idan mai fasa dutse ya gina aji biyu a ƙarƙashin wannan yarjejeniya, bashi ya biya, kuma ya kamata magaji da masu unguwanni su san haka kafin su tafi yi masa godiya.

Hakkin da aka fi dannewa yana cikin harabar kamfanin kansa. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. A fansho, kamfani na sa kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, kuma doka ta ba da kwana 7 na aiki bayan biyan albashi a tura kuɗin. Akwai kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake zubawa a asusun diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ma'aikatan ofis galibi suna samun duk wannan. Inda ɓarakar take shi ne masu gadi, masu shara, direbobi da leburori, waɗanda ake ɗauka ta hannun ɗan kwangila. Kamfani ya biya ɗan kwangila cif, shi kuma ya miƙa wa mai gadi rabi, a hannu, ba takarda. Maganin ba shi da tsada. A rubuta cikin kwangila cewa ba za a biya kuɗin wata mai zuwa ba sai an kawo shaidar banki ta kowane ma'aikaci da sunansa, sannan duk wata uku wani daga sashen binciken kuɗi ya keɓe mutum goma, ba a gaban shugabansu ba, ya tambaye su nawa ya shiga hannunsu.

Sai sikeli. Kamfanin da ke sayen auduga a Funtuwa, Bakori ko Malumfashi, ko waken suya da masara, ɗa'arsa a bakin sikeli take. Fuskar sikelin ta kalli manomi. A ajiye ƙarfen gwaji mai sanannen nauyi, a ɗora shi kowace safiya a gaban mutane. A faɗi nauyin buhun da za a cire tun kafin awo. Idan za a rage kuɗi saboda danshi, a auna da na'ura a gaban mai kaya, ba da dunƙule hatsi a tafin hannu ba, kuma a liƙa jadawalin ragin da Hausa, boko da ajami. Masarar da za a adana tana son danshin da bai wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 ba, saboda haka ragin kansa ba zalunci ba ne. Zaluncin shi ne a yi shi a ɓoye. Rasit kuma ya ɗauki ranar biya. Manomin da aka riƙe wa kuɗi mako shida da kaka, akuyarsa zai sayar ko ya ci bashi mai nauyi, kuma buhun shinkafar da kamfanin zai raba da azumi ba zai mayar masa da ita ba. Duk yaron makarantar allo ya san gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta buɗe da shi a kan masu tauye mudu.

Diyyar gona ta fi komai barin tabo. Manyan ayyuka irin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda ya ratso ta Daura, Katsina da Jibiya, dole su ci gonaki. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora diyya a kan abin da ke bisa ƙasa, wato amfanin gona, itatuwa da gini. Don haka ranar ƙidaya ita ce komai. A yi ta mai gona na tsaye, a ƙirga ɗorawa, tsamiya, kuka da mangwaro ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto, a ba shi kwafin takarda a hannunsa tun a gonar. Kuskuren da ake maimaitawa shi ne rubuta sunan mai ƙasa kaɗai, alhali wani ne ke noma ta bisa aro, haya ko jingina, kuma shukar da za a tumɓuke tasa ce. Gonar gado da ba a raba ba kuwa, idan aka tura kuɗin a asusun babban wa shi kaɗai, an kunna wutar da za ta kai zuri'ar kotu, mata magada kuma su ne na farko da za su tashi a tutar babu.

Idan an sauke waɗannan, sai a zo kan kyauta. Rijiyar burtsatse ta isa misali, don ita aka fi bayarwa, kuma ita ta fi saurin mutuwa.

Yawancin ƙasar Katsina, musamman tsakiya da kudu, a kan dutse take zaune. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Ana iya samun ruwa a nan, a matsa taku hamsin a haƙa busasshiya. Saboda haka awon ƙasa da na'ura shi ke zaɓar wuri, ba ƙofar gidan mai faɗa a ji ba. Wurin ya nisanci masai da juji da aƙalla mita 30. Lokaci mafi kyau na haƙa da gwaji shi ne ƙarshen rani, Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya yi ƙasa sosai. Rijiyar da aka gwada a watan Satumba za ta yi ambaliya ranar buɗewa, ta ƙafe da bazara.

Bayan haƙa da sa kesin, sai a zuba tsakuwa a kewayen bututun, a toshe saman da siminti don kada ruwan kwata ya zurara ciki, a wanke rijiyar har ruwan ya yi garau. Daga nan sai gwajin ja: a yi ta jan ruwa ba tsayawa na tsawon awa 24, ana auna yadda yake sauka da yadda yake farfaɗowa. Wannan gwajin ne ɗan kwangila ya fi son tsallakewa, don yana cin mai da lokaci, kuma shi ke bayyana gaskiyar rijiyar. Ga lissafin. Gari mai mutum 1,000, a lita 20 kowane mutum, yana buƙatar lita 20,000 a rana. Sola ba ta ba da cikakken ƙarfi fiye da kamar awa 6, ke nan ana neman rijiya mai ba da fiye da lita 3,000 a awa. Idan gwaji ya nuna lita 1,000, aka kuma zura mata babban sumo, wato injin jan ruwa, don tanki ya cika da wuri, sumon zai zuƙe ruwan ya koma jan iska, ya ƙone. Ba a ma sa shanu a lissafin ba, alhali saniya ɗaya kan sha lita 20 zuwa 30 a rana, kuma idan akwai ruga ko burtali kusa, za su zo. Gara a gina musu kwami tun farko, nesa kaɗan da famfon mutane. Rijiya mai ƙarancin ruwa, tuƙa-tuƙa ya dace da ita, ko da hotonsa bai kai na tanki kyau a rahoto ba. A kai ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sha.

Duk wannan rabin aikin ne. Robobin tuƙa-tuƙa kan cinye cikin wata shida zuwa shekara. Kan famfo na karyewa, farantan sola na son gogewa da hunturu, kuma ana sace su idan ba a yi musu walda da shinge ba. Kafin motar haƙa ta shigo gari, a kafa kwamitin ruwa mai ma'aji da littafin shiga da fita, a yanka abin da 'yan ga-ruwa za su biya a kowace kura, don su ne suka fi ɗiba kuma da kuɗinsu asusun gyara ke rayuwa. A koya wa makaniki ɗaya na yankin, a san shagon da kayan gyaran suke, a sanar da hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha don rijiyar ta shiga lissafinta. A riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila har rijiyar ta ga rani ɗaya.

Gini ma haka yake. Aji ba malami, ko ɗakin shan magani ba ma'aikaci, rumbun ajiyar kara zai koma. Kamfani ba ya tura malami, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ke yi, kamar yadda hukumar lafiya matakin farko ke tura ma'aikatan asibiti. A samu amincewarsu a rubuce kafin a sa tubali na farko. Jami'ar Sufuri ta Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina a matsayin tallafi, aka aza harsashinta a Disamba 2019, tana aiki ne saboda gwamnatin tarayya ta karɓe ta, albashi da gudanarwa suka shiga kasafinta. Tambayar da aka amsa a can ita ce ya kamata a amsa a kan aji biyu na ƙauye: wa zai biya albashi a shekara ta biyu?

Neman shawarar jama'a kuma ba ya ƙarewa a fadar hakimi. Ta nan ake shiga, wannan ladabi ne kuma dole ne. Amma a yi zama na daban da mata, mace ta jagorance shi a cikin gida, da wani da matasa, da wani da arɗon Fulani. Abin da dattawa suka sa a gaba ba lallai ya zama shi ne ke hana matan gari barci ba.

Aikin jinya kyauta na buƙatar taka-tsantsan na musamman a ƙasar nan. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, lamarin da ya kai ga shari'ar da aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. A bayyana wa mara lafiya abin da za a yi masa da Hausa, a nemi yardarsa, a duba wa'adin kowane magani, a kuma sa ranar dawowa duba waɗanda aka yi wa aikin ido. Hoton mabuƙaci riƙe da buhu, in bai yarda ba, kada a ɗauka.

A cikin kamfanin, kuɗin tallafi na daga cikin mafi sauƙin sacewa, don wanda aka yi domin shi bai san nawa aka ware ba. Wanda ya zaɓi ɗan kwangila kada ya zama shi ne mai sa hannu cewa aiki ya kammala. A rubuta kuɗin aikin, zurfin rijiyar da lambar wayar kai ƙorafi a jikin allon. Dokar kamfanoni ta hana kamfani ba jam'iyyar siyasa gudummawa, kuma rijiyar da aka kai mazaɓar wani ana gab da zaɓe, bisa roƙonsa, ta kama hanyar zama hakan ko da an sa mata wani suna.

Rahoto kuma ya daina tsayawa a adadin rijiyoyin da aka haƙa, ya faɗi nawa ke ba da ruwa bayan wata 6, wata 12 da wata 24. Ziyarar dubawa a sa ta a watan Afrilu, ba tare da sanarwa ba, mai zuwa ya isa da sassafe lokacin layin jarkoki, ya buɗe famfo da hannunsa, ya auna daƙiƙa nawa jarka mai lita 25 ke ɗauka kafin ta cika, sannan ya nemi ma'aji ya ga littafin.