Abin da zan bar wa masu tace feftayid a bayana

Ƙarshen watan nan zan miƙa makullin ɗakin HPLC, na'urar da muke tace feftayid (gajeriyar sarƙar amino asid) da ita, kuma ƙannenmu sun matsa in bar musu wani abu a rubuce. Ba zan koya wa kowa wanke kolam ko haɗa ruwan A da na B ba, duk kun iya. Magana ɗaya ce ta dame ni. Don nauyi ya fito daidai a na'urar mas, mai auna nauyin ƙwayoyi, ba shi ke nuna feftayid ya tsarkaka ba. Tozo ɗaya a takardar sakamakon HPLC kuma bai isa shaida ba, sai an faɗi saurin da aka ƙara asetonaitiril, ruwan da ke fitar da feftayid daga kolam.

Tsofaffin ɗakin sun san feftayid ɗin da nake nufi, mai amino asid Asp da Gly manne da juna a tsakiyarsa. Duk wanda ya taɓa haɗa feftayid ta hanyar Fmoc ya san halin wannan jeri. Kowane zagaye da aka zuba fiferidin kashi 20 don cire kariyar Fmoc, gefen Asp na iya lanƙwasowa ya kama naitirojin ɗin Gly, su ƙulla zoben aspartimayid. Shi zoben ba ya ɓuya, nauyinsa kan gaza da 18. In fiferidin ne ya ɓalle shi, za ka ga ƙarin 67. Inda gizo ke saƙar shi ne in ruwa ya buɗe shi. Sai sarƙar ta ci gaba ta reshen da ba nata ba, ko Asp ya juye ya koma siffar D, wato kishiyarsa ta madubi, nauyi kuma ya dawo daidai cif. Mas ba ta da ta cewa a nan.

Oga ya saba a duba tsarki da gudun minti goma, asetonaitiril daga kashi 5 zuwa 95. A irin wannan gudu kowane tarkace tare yake fitowa, tozo ya tsaya siriri gwanin kyau. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, sai na sassauta, rabin kashi a minti, a kan kolam ɗin C18 ɗin nan, ina kallo da hasken UV a nanomita 214. Sai ga kafaɗa ta ɓullo a gindin tozon, ba ƙarama ba. Na buga takardar na kai masa ofis.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da ke maƙale a nan."

Ko karɓa bai yi ba. "Mas ta ba ka me?"

"Daidai ta bayar, amma..."

"To me kake nema kuma? Asetonaitiril ɗin daga gidanku ake kawo shi? Bugo na minti goma ka rubuta ya haura kashi 95."

Na ƙi rubutawa, shi ya rubuta da hannunsa. Amma a saman takardar sunana ne a gurbin wanda ya yi aikin. Garin feftayid ɗin ya tafi wajen masu gwaji a kan ƙwayoyin halitta. Bayan 'yan watanni suka dawo da ƙorafi, wai kwalbar farko da ta biyu ba sa ba da sakamako ɗaya. A taron da aka yi, a gaban baƙi, Oga ya ce yaron da ya yi tacewar ne hannunsa bai faɗa ba. Littafin aikina na cikin jaka a ƙarƙashin kujera, da kwanan wata da takardar mai kafaɗa a manne. Ban ciro shi ba, don takardar shaidar da zan nemi aiki da ita a hannunsa take. Wasu da ke wurin sun san gaskiya, suka duƙar da kai. Ban riƙe su ba, amma ban manta ba.

Abin dariya, Oga ne mai son ba baƙi tarihin Merrifield, yadda ya fito da haɗa feftayid a kan ƙwayoyin resin a 1963 har ya ci Nobel a 1984, da yadda Fenn ya samu tasa a 2002 kan fesa manyan ƙwayoyi cikin mas. Abin da ba ya faɗa shi ne, a hanyar Merrifield ba a tace komai a tsakiya, wankewa kawai ake yi. Duk kuskuren da ya auku a zagaye ashirin yana nan maƙale yana jiran mai kolam. A kansa ake sauke kaya, shi kuma ake hana lokaci.

Daga baya an gyara haɗin. Aka riƙa zuba Oxyma cikin fiferidin, aka sayo Asp mai kariyar OMpe, duk don rage ƙulla zoben nan, aka rage faɗin abin da ake tara daga kolam. Shawarar da na bayar tun farko ke nan. A maƙalar da ta fito, sunana na can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa.

Sauran ba su da yawa. In mas ta nuna ƙarin 16 a nauyi ka duba Met, 56 kariyar tBu ce ba ta fita ba, 252 kariyar Pbf ce a kan Arg, ragin 57 Gly ya faɗi. Leu da Ile nauyinsu ɗaya, kada ka rantse da mas a kansu. Asid ɗin TFA da ake sa wa ruwan kolam na gyara tozo amma yana danne sigina, in za ka shiga mas koma asid ɗin fomik. Garin da ka auna a sikeli ba feftayid ba ne zalla, akwai TFA da danshi a ciki. Ka tura ruwa zalla kafin samfur, don ragowar na jiya kan biyo.

In an ce ka bugo na minti goma, bugo, ba ka da ƙarfin ja. Amma ka yi mai sassaucin ko da bayan an tashi ne, ka aika wa kanka ta imel da kwanan wata, ka sa wani a kwafi. Nawa yana cikin kwamfutar da ke kusa da taga, a jakar da ke ɗauke da lambar feftayid ɗin. Ban goge ba, kuma ban ba kowa izinin gogewa ba.